Shagon Baba mai fayafayi a Bauchi: a je da kunne, a riƙe aljihu

A duk faɗin garin Bauchi, shago ɗaya na sani da mutum zai shiga ya ce a ɗora masa faifan garmaho ya ji, a kuma ɗora masa ba tare da an tambaye shi ko saya zai yi ba. Yana cikin lungunan da ke bayan kasuwar Wunti, tsakanin wani mai wankin hula da masu naɗin fanka. Ba allo, ba suna a jikin bango. Masu gyaran rediyo na wajen kowa ya san shi, in ka ce Baba mai fayafayi za a haɗa ka da yaro ya raka ka har ƙofa. Ni sana'ata gyaran amfilifaya da sifika ce, a Yelwa nake, kuma aiki ne ya fara kai ni wurin, daga baya ya zama in rana ta yi sanyi ƙafata da kanta take nufar can.

Ciki da falo ne aka mayar shago. A falon kanta ce ta katako daga ƙasa har kusa da rufi, fayafayi jere a tsaye, yawancinsu abin da iyayenmu suka ji ne a zamaninsu: Jim Reeves da Don Williams, waƙoƙin fina-finan Indiya, kiɗan Kwango, haylaif na Kudu, sai ɗan abin da ya rage na Shata da Ɗan Maraya Jos, wanda Baba ba ya son a cika taɓa masa. Wanda ya zo neman waɗannan zai samu, kuma da araha. Abin da ya sa nake wannan rubutu yana uwar ɗaka, cikin adaka biyu ta ƙarfe irin ta 'yan makarantar kwana, an ɗora su kan bulo saboda gara. A nan yake ajiye buluz.

Buluz kiɗan baƙar fatar kudancin Amurka ne, jikokin bayi, da ya taso a gonakin auduga na Misisipi da Teksas da Jojiya, daga baya ya bi masu ƙaura zuwa Shikago ya samu jita mai lantarki. Kasuwarsa a faifai ta buɗe ne a 1920, da Mamie Smith ta yi wanda ya sayu fiye da yadda kamfanoni suka zata, daga nan suka bazama neman mawaƙa baƙaƙe. Mai karatu zai ce to me ya kawo wannan kaya Bauchi? Baba yana da amsarsa, kuma ta shiga hankali. Malaman Peace Corps, masu aikin sa kai na gwamnatin Amurka, sun fara zuwa Najeriya a 1961, an rarraba su makarantun Arewa, in za su koma ba sa jidar kaya masu nauyi, sai su bar wa kuku ko ɗalibi. Akwai 'yan mishan na wajen Jos da ƙasar Tangale, da Turawan da suka yi aiki a kamfanin haɗa motoci na Steyr a Bauchi, da kuma 'ya'yanmu da aka tura karatu Amurka a shekarun 1970 suka dawo da akwati cike da faifai. Yau in mai gida ya rasu, magada su zo share ɗaki, su ga kwalaye sun tare wuri, sai a aika a kira Baba. Haka ya tara su, kwali bayan kwali, shekara da shekaru.

Abin da ke cikin adakar ba daraja ɗaya ba ne, kuma nan ne mai saye ya kamata ya buɗe ido. Mafi yawa na manyan kamfanoni ne, su Muddy Waters a Chess ta Shikago, su B.B. King, an buga su dubbai, daɗin ji gare su amma ba su da wuyar samu a duniya. Sai na ƙananan kamfanoni irin Arhoolie, da Chris Strachwitz ya kafa a 1960 ya fara da faifan Mance Lipscomb, kwafi 250 kacal a bugun farko. Sai kuma 'yan ƙalilan, ba su cika tafin hannu biyu ba, waɗanda mawaƙin ne da kansa ya biya aka buga masa. Su ne masu tara faifai ke hauka a kai.

Yadda abin yake, mutum ne yana kiɗa a gidan rawa na unguwa ko a coci, babu kamfanin da ya san da zamansa. Sai ya tara kuɗi ya shiga ƙaramin sitidiyo, ya ɗauki waƙa biyu a tef, ya aika wa masana'antar da ke buga wa duk wanda ya biya. Su buga masa ɗari biyu ko ɗari biyar, ya zuba a but ɗin mota, yana sayarwa a wurin wasa da shagon aski. Ba talla, ba dillali. Wanda bai sayu ba ya ƙare a ƙarƙashin gado, in an tashi ƙaura a watsar a juji. Ɗaya daga cikin masana'antun da suka yi suna a wannan aiki ita ce Rite ta birnin Sinsinati a jihar Ohayo, wadda ta buga wa dubban ƙananan mawaƙa daga shekarun 1950 har zuwa na 1980. Mu ma nan gida an yi irin haka. William Onyeabor na Inugu shi ya riƙa buga nasa da kansa da sunan Wilfilms tsakanin 1977 da 1985, ba a san su sosai a waje ba sai da kamfanin Luaka Bop na Amurka ya tattara waƙoƙin ya fitar a 2013, nan take tsofaffin kwafin da ke cin ƙura a shagunan Kudu suka zama abin nema.

Akwai guda a adakar Baba da nake so in tsaya a kansa. Ba zan faɗi sunan mawaƙin ba, don har yanzu cinikinmu bai faɗa ba, kuma na san akwai 'yan Jos da ke karanta irin wannan rubutu. Ƙaramin faifai ne mai faɗin inci 7, mai juyi 45 a minti, da babban rami a tsakiya irin na Amurka, wanda sai an sa masa 'yar roba kafin ya zauna a kan inji. Takardar tsakiyar ruwan ɗorawa ce da ta koɗe, rubutun baƙi ne kuma layi ɗaya ya ɗan karkace, alamar ƙaramin maɗaba'a. Sunan kamfanin da aka rubuta, da gani sunan mace ne, wataƙila matarsa ko 'yarsa, adireshin kuma akwatin gidan waya ne kawai. A kowane gefe akwai lamba, ta gefen farko da ta biyu suna bin juna. In ka fito da shi bakin ƙofa ka karkata shi ga hasken rana, a wannan fili mai santsi da ke tsakanin ƙarshen waƙa da takarda za ka ga lambobin an karce su a jikin robar, da hatimin Rite ɗan mitsitsi. Da waɗannan lambobi masana ke gane shekarar da aka buga faifai, kuma su ne abin da mai jabu ya fi shan wuyar kwaikwaya. Wani tsohon mai shi ya rubuta haruffa biyu da biro a kan takardar. Gefen farko yana da ƙwarzane guda da farce ke ji, gefe na biyu kuwa siraran zane ne kawai da ido ke gani.

Baba ya hure shi, ya goge da ƙyalle, ya ce, "Injiniya, ja kujera. Wannan ba a jinsa a tsaye."

Kafin kiɗa ya shigo akwai ƙara a ƙasa-ƙasa, kamar an zuba ƙullin masa a tanda mai zafi, kuma ba ta ɗauke ba har ƙarshe. Sai jita, sai ganga da ke ɗan makara a bayanta, sai muryar mutumin da ya kwana yana waƙa, a shaƙe. Yana faɗin layi, ya maimaita shi, sannan ya kawo na uku ya rufe, jitar tana amsa masa a duk inda ya yi shiru. Ana jin ƙafarsa tana dukan daɓen katako. A tsakiya mai ganga ya kuskure, ba su tsaya ba, da alama kuɗin sake ɗauka ne babu. Minti biyu da 'yan daƙiƙoƙi aka gama. Baba ya ɗaga allura ya ce, "Wannan bawan Allah da a nan aka haife shi, gurmi zai riƙe."

Ban ƙi ta tasa ba. Wanda ya tashi da jin kuntigin Ɗan Maraya, mutum ɗaya da tsirkiya ɗaya yana ba da labarin talaka da ɗan amalanke, ba zai ji buluz baƙo a kunnensa ba. Masana sun tabbatar cewa banjo ta Amurka daga dangin molo da garaya na Afirka ta Yamma ta samo asali, kuma Ali Farka Touré na Mali, da ya rasu a 2006, ya sha faɗin cewa abin da Amurkawa ke kaɗawa reshe ne, saiwar tana gida. Sai dai ni ba na cikin masu cewa kai tsaye kiɗan Hausa ne aka canza wa riga. Shekaru ɗaruruwa a wata ƙasa, cikin wata wahala, da wani harshe, sun mayar da shi abin kansa. Kama ce ta dangi, kuma ta ishe ni.

Babban abin yabo a shagon nan shi ne wannan sauraro. Babu faifan da Baba zai sayar maka bai ɗora maka shi gaba da baya ba, kuma tun kafin allura ta kai inda matsala take zai ce maka, "Saurara, nan gaba kaɗan zai yi tsalle." Ba ya cinikin biri a sama, ba ya kuma son a yi da shi. Injin da yake gwaji da shi Technics ne na Japan, irin wanda gudunsa bai dogara da bugun wutar gari ba, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a garin da rabin yini janareta ke aiki. Inji mai tsohuwar mota in ka sa shi a janareta, muryar mawaƙi sai ta riƙa hawa da sauka. Akwai wani tsohon injin Amurka a gefe da ake sha'awarsa saboda kyan katakonsa, Baba kuma yana gaya wa kowa gaskiyarsa: an ƙera shi ne don wutar can mai bugu 60 a daƙiƙa, tamu kuwa 50 ce, saboda haka ko ka sa masa taransifoma ka sauke wutar zuwa 110, faifan 45 zai riƙa juyi 37 da rabi ne, mace ta koma namiji. Sai an canza masa ƙaramin gare na bakin mota. Haka kuma bai yarda a ɗora kwabo a kan hannun allura don hana tsalle ba, dabarar da ta kashe fayafayin gidaje da yawa a garin nan. Nauyin da allurar zamani ke buƙata bai wuce giram biyu zuwa uku ba.

Inda nake da magana da shi a ɓangaren inji, allurarsa ta tsufa. Bakin lu'ulu'un allura yana cinyewa bayan awa ɗari biyar zuwa dubu na aiki, in ya cinye kuma sai ya riƙa yankar layukan faifan. Da wannan allura guda yake gwada wanda aka kwaso daga sito da ƙasa a jikinsa, da ita kuma yake gwada mai tsada. Na yi masa magana, ya ce, "To Injiniya, ai sai ka kawo mana." Da gaskiyarsa, ba a samunta a Bauchi, sai an yi saƙo Legas ko waje. Amma wanda zai sayi faifai mai daraja, kada ya bari a maimaita masa shi sau da yawa a kan wannan inji.

Yanzu sai maganar farashi, wadda ita ce ta ɓata wa shagon suna a wurin wasu tsofaffin abokan cinikinsa. Da can Baba ke yanka kuɗi, da ido da kunne, ka taya ya ce albarka, ka ƙara ya sallama. Yanzu akwai ɗansa, matashi mai ladabi da ya gama difloma, da waya a hannu. Duk faifan da ka ɗaga sai ya karɓa ya ɗauki hotonsa, ya shiga Discogs, wani shafin intanet na cinikin fayafayi, ya juyo maka da fuskar wayar: "Yallaɓai, ka gani da idonka, dala kaza ne." Laifin ba na Discogs ba ne. Tun 2000 da aka kafa shi ya zama wurin da masu faifai na duniya ke duba kowane bugu da lambarsa, kuma yana nuna abu uku a kan abin da aka taɓa sayarwa: mafi araha, matsakaici, da mafi tsada. Yaron na ƙarshen kawai yake gani. Wani lokacin ma ba kuɗin da aka saya yake nunawa ba, kuɗin da wani a Jamus ya rubuta yana jiran mai tsautsayi ne, kuma faifan na iya shekara biyar a wurin ba wanda ya taya.

Abin da ya kasa shiga kansa shi ne lafiyar faifai ita ce kuɗinsa. Masu wannan harka suna da ma'auni da mujallar Goldmine ta yaɗa. Wanda yake kamar sabo shi ne NM. Mai ɗan zane da ba ya hana jin daɗi VG+ ne, kuma kusan rabin kuɗin na farko ake ba shi. Wanda ƙara ke bin waƙarsa VG ne, kashi ɗaya cikin huɗu. Mai lambar G, wanda ya sha jiki amma yana juyawa, kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. A adakar nan, tsakani da Allah, mafi yawa VG ne ko ƙasa, kwalayensu gara ta ɗanɗana gefe, wasu ruwan damina ya taɓa su sun yi tabo. Wancan mai takarda ruwan ɗorawa, gefe ɗaya VG ne, ɗayan da ƙyar ya kai. Yaron ya sa masa kuɗin da zai sayi babur ɗan gwanjo. Na taya abin da nake ganin haƙƙinsa ne, Baba ya yi murmushi ya kalli ɗansa, ɗan ya kalli waya.

Labarin da ya ruɗa shi na san shi, don ya ba ni shi fiye da sau ɗaya. A 2013 an sayar da wani faifan Tommy Johnson na kamfanin Paramount a shafin gwanjo na eBay kan dala 37,100, wani mai tara faifai da ake kira John Tefteller ya saya. Gaskiya ne an yi haka. Amma kwafi biyu kacal aka sani a duniya, kuma mawaƙin yana cikin iyayen buluz na Misisipi da ake rubuta littattafai a kansu. Paramount ɗin ma wani kamfanin kujeru ne a jihar Wiskonsin ya kafa shi don ya samu abin da zai sa a sayi akwatunan garmahonsa, ya riƙa bugawa da kayan haɗi marasa kyau, ya daina ɗaukar waƙa a 1932, shi ya sa samun mai lafiya ya zama abin labari. Ƙarancin abu kaɗai ba ya sa shi tsada, sai an samu mutum biyu masu kuɗi da ke son sa a lokaci guda. Akwai fayafayin bugun kai da kwafi goma suka rage a duniya, kuma ba mai ba ka dala ashirin a kansu, don waƙar ba ta da daɗi.

Wani abin da ya faru a gabana ya fi wannan nuna inda gyara yake. Yaron ya fito wa wani malamin jami'a da babban faifan Abner Jay, ya ce na asali ne. Abner Jay mutumin Jojiya ne, an haife shi a 1921 ya rasu a 1993, shi kaɗai yake kaɗa banjo da ganga da harmonika a lokaci guda, yana yawo gari-gari yana sayar da fayafayinsa da ya buga da sunan Brandie. Na asalin suna kai ɗaruruwan daloli. Wanda ke hannun yaron kuwa kwalinsa fes, robarsa tana sheƙi, kuma a jikinsa an rubuta Mississippi Records, wani ƙaramin kamfani da a lokacin yake birnin Portland a jihar Oregon, wanda ya tattara waƙoƙin ya sake bugawa a 2009. Ba jabu ba ne, halastaccen sabon bugu ne mai kyau, amma kuɗinsa bai kai kashi ɗaya cikin goma na wancan ba. Ban ce yaron ya yi niyyar cuta ba, sunan kawai ya buga a waya ya ɗauki lamba mafi girma. Baba na jin bayanin ya ce, "Kai, mayar da wayar nan aljihu. Malam, wannan wani Bature ne ya bar mana shi a musaya, ba tsoho ba ne. Kawo abin da ya sauwaƙa." Malamin ya tafi da shi a kuɗi mai kyau. Da ranar Baba yana masallaci, da labarin ya sha bamban.

Ajiya kuma rabi da rabi ce. Tsayar da faifai da yake yi daidai ne, don in aka kwantar da su aka jibga, na ƙasa ke lanƙwashewa. Amma uwar ɗakan kwano ne ba silin, ga zafin Maris da Afrilu da ke kai maki 40, adakar ƙarfe kuwa in ta ɗauki zafi ba ta saki da wuri. Na ga guda uku da suka tanƙware har allura na hawa tudu tana gangarowa. Dabarar da suke yi ta matse faifai tsakanin gilashi biyu a shanya a rana caca ce, wani ya miƙe, wani layukansa su narke ya tashi aiki. Wanki suna yinsa da tataccen ruwan da ake ƙara wa batir, ba mai asid ɗin ba, da ɗigon sabulun ruwa, a bi layi da ƙyalle mai laushi, kuma hakan ya yi. Abin da na hana yaron shi ne sifirit a kan tsofaffin masu juyi 78. Waɗannan ba roba ba ce, da wani ƙaro ake yinsu da ƙwari ke fitarwa a itatuwan Indiya, sifirit kuwa narkar da shi yake. Suna da irinsu kaɗan tare da garmaho mai wani da hannu, amma na duba ban ga buluz a ciki ba, kiɗan rawar Ingila ne da 'yan na Afirka ta Yamma. Wanda ya sayi garmahon ya sani allurarsa ta ƙarfe gefe ɗaya take yi a canza ta, kuma in ya kuskura ya ɗora mata faifan roba, sau ɗaya ya isa ta gama da shi.

A jikin bangon falon akwai kayan tarihi na kiɗa, su ma na sayarwa ne. A nan shawarata gajeriya ce: a sayi na gida, a bar na waje. Akwai takardar shirin bikin FESTAC na 1977 mai hoton fuskar Sarauniya Idia ta Benin, da kan sarki na bikin, da hotunan hawan daba da aka yi a Kaduna, takardunsu sun yi ja, suna warin tsufa, kuma an san gidan da suka fito. Waɗannan na yarda da su. Amma fastar wasan B.B. King mai launin ruwan hoda da lemo da aka sa a firam, wadda yaron ke cewa ta Globe ce, ban yarda ba. Globe maɗaba'a ce ta birnin Baltimore da aka kafa a 1929, ta yi suna wajen buga wa mawaƙa baƙaƙe fasta mai launi mai kashe ido, a kan kwali mai kauri, da haruffan katako da ake dannawa har yatsa na jin gurbinsu. Ta bangon Baba takarda ce mai santsi, in ka sa mata gilashin gyaran waya sai ka ga ɗige-ɗigen firinta. Haka hoton da aka ce mawaƙin ya sa wa hannu, ka juya bayansa ba alamar dannawar biro, sa hannun tare da hoton aka buga shi. A matsayin ado sun yi, in an sayar da su a kuɗin ado.

Musaya ita ce ainihin abin da ke riƙe da shagon, fiye da saye da sayarwa. Dillalai na zuwa daga Jos da Legas, wani lokacin da baƙo Bature ko ɗan Japan a bayansu, kuma ba buluz suke nema ba, wannan suna da shi a gida. Namu suke so: bugun EMI da Decca da Tabansi na shekarun 1970, su Sahara All Stars ta Jos, su Bala Miller, da duk wani faifan Hausa mai lafiya. Su ajiye sababbin bugu masu sheƙi guda biyar, su ɗauki tsoho guda ɗaya, kowa ya rabu da kowa yana murna. Ni dai duk lokacin da na ga an fita da na Shata raina ba ya so, don wanda ya tafi ba ya dawowa, kuma iyalan mawaƙan ko sisi ba sa gani a cinikin, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Baba ya fara ganewa, shi ya sa ya ware wasu ya ce ko nawa aka taya ba na sayarwa ba ne, sai dai a zo a ji. In kana da fayafayin mahaifinka a gida kana son musaya, yana karɓa, kuma a nan ba ya ƙwara: zai ɗora naka ya ji, ya gaya maka wanda ke da daraja ko da kai ba ka sani ba.

Wanda zai je, ya je da hantsi ko bayan la'asar, lokacin Baba na nan da kansa, ranar Juma'a kuma sai an sauko. Ya tafi da 'yar tocila don duba lambobin jikin roba, ya duba kuɗin matsakaici a tasa wayar tun kafin a nuna masa mafi tsada, ya kuma nemi a ɗora masa gefe biyun duka. Suna karɓar tiransifa amma sabis a lungun sai a hankali, tsabar kuɗi ta fi sauƙi, kuma tana sa a rage. Babban faifai na manyan kamfanoni mai matsakaiciyar lafiya ana samunsa a kuɗin da bai fi na kwanon shinkafa biyu ba, in ka iya ciniki. Ba sa ba da leda mai kauri, sai ka zo da jakarka da kwali biyu da za ka sa faifan a tsakani. In a keke napep za ka koma, ka riƙe shi a tsaye ta gefen da rana ba ta bugu, in kuma da mota ka zo kada ka bar shi a kujerar baya ka shiga Wunti cefane.